Amsoshin Tambayoyinku: Wa Zan Damƙa wa Sabon Gidana na Abuja?

TAMBAYA: Ni 'yar kasuwa ce a Kano, ina harkar atamfa da leshi. Allah ya hore mana, ni da maigidana mun sayi fulat mai ɗaki huɗu a hawa na biyar na wani sabon bene a Guzape, Abuja. An miƙa mana shi da fenti da tayil kawai, babu kayan kicin, babu wadirof, babu labule. Tun da labari ya fita mutum uku suka same ni: wata yarinya mai ɗimbin mabiya a Instagram da ƙawata ta haɗa mu, da wani kamfani da masu ginin suka ce shi ya saba yi wa masu gidajen aiki, sai kafintan da ya yi wa 'yata kayan ɗaki, wanda ya ce babu abin da zai gagare shi. Kuɗin da suka faɗa ya sha bamban ƙwarai, na wani ya kusa ninka na wani sau uku. Ta yaya zan gane wanda ya dace? Kuma dole ne sai na ɗauki mai tsara cikin gida, ko zan iya kiran 'yan uwa mu yi jere kamar yadda muka saba? Daga wata Hajiya a Kano.

AMSA: Hajiya, Allah ya sanya alheri, ya sa a shiga a sa'a, ya sa gidan zaman lafiya ne.

Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, domin a kanta sauran suka doru. Jere sana'a ce, kuma matanmu sun iya ta. Wadda ta taɓa ganin yadda gwaggonni da ƙawayen uwar amarya ke mayar da ɗaki fayau ya zama abin kallo tsakanin hantsi da la'asar ba za ta raina ta ba. Sai dai jere ana yin sa ne a ɗakin da aka riga aka gama. Naki gidan ba a gama shi ba. Tun da babu kicin, ba a yanke inda murhu zai zauna ba, ba a yanke inda hayaƙi zai fita ba, ba a san inda bututun injin wanki zai bi ba, kuma soket ɗin da ke bango magina ne suka dasa su bisa kintace. Duk waɗannan abubuwa ne da ke shigewa cikin bango da silin, kuma da zarar an rufe su aka shafa fenti, gyaransu sai da fasa. Saboda haka kina buƙatar wanda zai zauna ya zana komai a takarda kafin a buga ƙusa ko ɗaya. 'Yan uwa kuma ranarsu na nan tafe, idan an gama su za su shigo su sa wa gidan hannu.

Mutum ukun da suka same ki wataƙila ba sana'a ɗaya suke yi ba, shi ya sa kuɗinsu ya bambanta haka. Akwai mai kwalliyar gida, wanda idonsa ke kan launi da labule da kujeru da abin ratayewa a bango. Akwai mai tsara cikin gida, wanda zai auna kowane ɗaki da tef, ya fitar da zanen ƙasa, da zanen wuta, da zanen famfo, da zanen kowace kabad da tsawonta da faɗinta, sannan ya tsaya a kan ma'aikata har su yi abin da aka zana. Akwai kuma mai aikin hannu, kafinta ko mai silin ko mai tayil, wanda ke aiwatar da abin da aka ba shi. A ƙasar nan kowa na iya buga kati ya sa wa kansa sunan da ya ga dama, don haka kada ki tsaya a kan suna. Ki ce wa kowannensu ya nuna miki cikakkun takardun zanen wani aiki da ya gama. Wanda ya ciro waya ya nuna miki hotuna kaɗai, mai kwalliya ne, ko da me ya kira kansa.

Masu wannan sana'a suna da ƙungiyarsu a Najeriya, IDAN, wadda Titi Ogufere ta kafa a 2007, kuma ta taɓa shugabantar tarayyar masu sana'ar ta duniya, IFI. Zama ɗan wannan ƙungiya alama ce mai kyau, tana nuna mutum ya ɗauki aikin a matsayin sana'a kuma akwai inda za a kai ƙararsa. Amma alama ce kawai, ba ta ɗauke miki bincike. Haka nan ki nemi lambar rajistar kamfaninsa ki duba ta a shafin hukumar CAC, abin da ba zai ci miki minti goma ba. Idan sunan da ke kan rajista daban, sunan asusun bankin da aka ce ki tura kuɗi daban, ki dakata sai an yi miki bayani.

Akwai wata iyaka da nake so ki riƙe da kyau, saboda ta shafi rai. Ke a hawa na biyar kike, akwai mutane a ƙarƙashinki, akwai wasu a samanki. Duk wanda ya ce miki zai rushe wannan bango don falo ya ƙara faɗi, ki tambaye shi wane injiniya ne ya duba ya sa hannu. Masu zanen gini a ƙasar nan hukumar ARCON ke yi musu rajista, wadda doka ta kafa a 1969, injiniyoyi kuma COREN, tun 1970. Mai tsara gida nagari da kansa zai ce miki wannan ya fi ƙarfin hurumina, sai mun kira injiniya, mun kuma nemi izinin masu kula da benen a rubuce. Nauyi ma haka. Dutsen mabul mai kaurin santimita 2 yana kai kilo 54 a kowace murabba'in mita, ban da siminti da yashin da za a shimfiɗa a ƙarƙashinsa. Bahon wanka irin na ƙasaita da ke cin lita 400 na ruwa, ruwan kaɗai kilo 400 ne, tun kafin mutum ya shiga. Daɓen benen gidan zama an yi lissafinsa ne a kan wani nauyi ƙayyadadde. Ba na faɗa miki haka don ki fasa mabul ko baho, ina so ne ki ji ko wanda za ki ɗauka ya san ana yin wannan lissafi.

To, yanzu ga abin da na fi ba muhimmanci, kuma shi ne ma'aunin da ban taɓa ganin ya ba da kunya ba. A zamanku na farko, ki yi shiru ki saurari irin tambayoyin da zai yi miki. Wanda ya shigo ya buɗe kwamfuta ya fara jero miki salon Italiya da na Dubai kafin ya san ku nawa ne a gidan, wannan gidan da ke kansa zai gina miki da kuɗinki. Wanda ya san aiki zai fara ne da rayuwarku. Ku nawa za ku kwana? Alhaji yana karɓar baƙi maza a gida? Idan suna falo, ta ina ke da 'yan mata za ku bi daga ɗaki zuwa kicin? Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce wadda zaure da soro suka amsa wa kakanninmu tun da daɗewa: baƙo yana da inda zai tsaya, cikin gida yana da sirrinsa. Yawancin fulat ɗin da ake ginawa yanzu an kwaikwayo su ne daga ƙasashen da ƙofar shiga ke buɗewa kai tsaye cikin falo, falo ya haɗe da wurin cin abinci, wurin cin abinci ya haɗe da kicin. Ba sai an rushe komai ba kafin a gyara wannan. Allon katako mai huji-huji a bakin ƙofa, ko ƙofa mai zamewa da ke raba falo biyu idan an yi baƙi, ko sauya inda kujeru suka fuskanta, suna iya dawo miki da zauren da ginin bai ba ki ba. Amma sai wanda ya fahimci dalilin zai yi tunaninsa.

Ki ji ko zai tambayi alƙibla. Daga Abuja tana gabas ne mai karkata arewa, kimanin digiri 65 daga arewa, kuma da wuya ta yi daidai da bangon ɗaki. Idan ba a yi la'akari da ita ba, za ki tarar gado da wadirof sun cinye kusurwar da darduma za ta shimfiɗu, ki koma kina ture kujera sau biyar a rana. A banɗaki kuma akwai batun inda masai ya fuskanta, da famfon tsarki a gefen dama, da magudanar ruwa a ƙasa, da wurin da dattijuwa za ta zauna ta yi alwala ba tare da ta ɗaga ƙafa cikin kwamin wanke hannu ba. Banɗakin da ake gani a mujallun Turai busasshe ne, ba a zubar da ruwa a ƙasansa. Namu kullum a jiƙe yake. Don haka tayil ɗin ƙasa ya zama mai kaushi wanda ba ya santsi, a karkata shi kaɗan zuwa magudana, a kuma shafa maganin hana yoyo a ƙarƙashinsa, a tare ruwa a ciki na kwana ɗaya ko biyu a gwada kafin a rufe. In ba haka ba, maƙwabcin hawa na huɗu ne zai fara sanar da ke, da tabon ruwa a silinsa.

Kicin ma ya cancanci a daɗe a kansa. Kicin buɗaɗɗe yana da kyau a hoto, amma ki tuna me ake dafawa a gidanki. Ana soya manja, ana soya kifi da attaruhu, ana kaɗa miyar kuka da daddawa, da azumi kuma kasko ba ya sauka daga la'asar har magariba. Wannan ƙamshi a kicin ni'ima ne, amma idan ya kwana a labule da kujerun karammiski ya zama wani abu daban. Ki tambayi mai tsarawa ko na'urar zuƙe hayaƙin da zai sa tana da bututun da ke fita waje, ko irin wadda ke tace iskar ta dawo da ita cikin ɗaki ce. Ta biyun ba ta isa girkinmu ba. Ki tambaye shi inda buhun shinkafa da jarkar mai da babbar tukunyar suna za su zauna, da inda tukunyar gas za ta zauna bisa ƙa'idar benen. Kanta kuma, mabul dutse ne mai laushi da tsami ke ci: lemon tsami da tsamiya suna dusashe ƙyallinsa, zoɓo da manja da lalle suna barin tabo. A kan kantar kicin giranit ya fi shi juriya nesa ba kusa ba. Turmi kuwa, ki yi shawara da kanki tun yanzu, domin daka a hawa na biyar duk benen ne zai ji.

Sai turaren wuta. Ban san gidan Bakanuwa ko Babarbariya da ba a kunna shi ba. Hayaƙinsa yana sa farin silin ya yi duhu a hankali, kuma a manyan benaye akwai na'urar jin hayaƙi da ke kururuwa idan ta shaƙe shi. Na san wata 'yar uwata a Abuja da ta gaji da wannan kururuwa har ta sa aka naɗe na'urar da leda. Hankalina ya tashi da na gani, domin ranar da wuta ta gaske ta kama babu abin da zai tashe su daga barci. Abin da ya kamata shi ne a tattauna da masu kula da benen tun farko, a san inda na'urorin suke, a ware wa kasko wurinsa kusa da taga, a zaɓi fentin da ake iya gogewa. Mai tsarawar da ya san gidajenmu zai tayar da wannan zance kafin ke ki tayar.

Ba ina cewa dole sai Bahaushe ko Musulmi ba. Na ga waɗanda ba su jin ko sannu da Hausa amma suka zauna da littafi suna tambaya suna rubutawa, suka yi aikin da ya fi na ɗan gida. Na kuma ga 'yan gida da ke jin kunyar zama a ƙasa da cin abinci a faranti ɗaya, suka cika wa mutane falo da teburin mutum goma sha biyu da ba a taɓa zama a kansa ba. Idan a kan kafet kuke cin tuwo, ki faɗa ba tare da nauyin baki ba, a bar muku fili a tsakar falo, a sayi kafet mai kyau da ake iya wankewa. Ke kuma da kike harkar atamfa, kin fi kowa sanin yawan zannuwan da ke akwatunanki. Wadirof ɗin Turawa an yi shi ne don rataye riguna, ke kuwa kina buƙatar kantoci masu zurfi na ninke turame, da wurin gyale da sarƙoƙi, Alhaji kuma yana buƙatar wuri mai tsawo da faɗi da babbar riga za ta sauka ba ta tattare ba, da inda za a jera huluna.

Ma'auni na biyu shi ne ki je ki ga tsohon aikinsa da idonki. Hotunan Instagram kashi uku ne: akwai na aikin mutum na gaskiya da aka ɗauka ranar da aka gama, akwai zanen kwamfuta da ke kama da hoto, akwai kuma wanda aka kwaso daga shafin wani a wata ƙasa. Yaranki za su iya sa hoton a Google Lens su ga inda ya fito. Ko na gaskiyar ma, ranar farko kowane aiki amarya ne. Ki roƙi a kai ki gidan da aka gama aƙalla shekara biyu da suka wuce, wanda ya sha damina biyu da hunturu biyu. Dalili shi ne yanayin Abuja yana gwada kaya gwaji mai tsanani. Daga Afrilu zuwa Oktoba iska cike take da laima, katako ya sha ya kumbura. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu ya tsotse shi ya tsuke. Katakon da bai bushe sosai ba kafin a yi aiki da shi, a nan ne yake tsagewa, ƙofofi su daina haɗuwa. Idan kin shiga, ki buɗe kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke ki duba gindinta. Yawancin kayan kicin na zamani da allon garin katako matsattse ake yin su, wanda ake kira MDF, kuma idan ruwa ya same shi yana kumbura kamar burodi, ba ya komawa. Ki ja durowa ki ji ko tana tafiya sumul. Ki ɗaga kai ki duba mahaɗar silin ko ta tsage. Ki duba ko an bar ƙofar da mai gyara zai shiga ya kai ga bututun na'urar sanyaya ɗaki. Sannan ki keɓe da matar gidan ki yi mata tambaya biyu: nawa aka ce miki da farko kuma nawa kika ƙare da biya, kuma da wani abu ya lalace bayan an gama, ya ɗauki wayarki? Wanda ya ƙi haɗa ki da ko mutum ɗaya cikin waɗanda ya yi wa aiki, da hujjar wai manyan mutane ne ba sa son a dame su, ni dai ba zan ba shi makullina ba.

Kada ki manta da wuta. A watan Afrilu na 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar masu layin Band A zuwa naira 225 a kowane yunit, daga ƙasa da naira 70, kuma a irin benenku akwai kuɗin man janareta da ake rabawa tsakanin masu gidaje. Silin mai fitilu sittin da tagogin gilashi da ke kallon yamma ba tare da labule mai kauri ba, duk wata za ki riƙa biyan kuɗinsu. Guzape kan tudu take, rana tana dukan benayenta sosai da yamma. Mai tsarawa ya kamata ya zo gidan da la'asar ya ji zafin da ke shigowa kafin ya zaɓi labule. Ya raba fitilu gida-gida yadda za a iya kunna kaɗan, ya ware layin da inbata za ta ɗauka, ya sa haske mai ɗumi-ɗumi a falo da ɗakin kwana, mai fari a kicin. Idan za a sayo kayan wuta daga waje, wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka 120, kuma kayan can ba sa aiki a nan sai da na'urar sauyawa.

Mu zo kan kuɗi, inda zumunci ya fi lalacewa. Wasu suna yanke ladan aikinsu dunƙule, wasu suna karɓar kaso cikin ɗari na duk abin da aka kashe, wasu kuma za su ce miki zane kyauta ne, ke dai ki sayi kaya ta hannunsu. Kowanne yana da hali. Mai karɓar kaso, duk tsadar da kaya suka yi ribarsa ce, don haka sai kin sa masa iyaka. Mai cewa kyauta kuwa, ladansa na cikin farashin kujera da tayil, kuma ba za ki taɓa sanin nawa ba ne. Ke 'yar kasuwa ce, kin san la'ada ba haramun ba ce, ɓoye ta ne ke kawo zargi. Ki tambaye shi kai tsaye ko yana karɓar kamasho daga masu sayar da kaya, kuma wa zai ci ragin da aka yi masa. Ni na fi natsuwa da wanda zai raba takarda biyu, ga ladan tunaninsa da tsayuwarsa, ga kuɗin kaya da rasit ɗinsu. Kuma kada ki gwada jimillar mutum uku da juna sai kin tabbata abu ɗaya suka yi wa kuɗi. Ki sa kowanne ya rubuto dalla-dalla: tayil wane iri, na wace ƙasa, mita nawa, katako wane iri, kauri nawa, maƙalan ƙofofi na wane kamfani, harajin VAT na kashi 7.5 yana ciki ko yana waje. Sau da yawa mai araha ya bar rabin aikin ne a waje, sai an yi nisa ya fara cewa wannan ai ba ya cikin lissafi.

Idan akwai kayan da za a shigo da su daga Turkiyya ko Sin ko Italiya, a rubuta da wane kuɗi aka yi ciniki. Kin ga abin da ya faru: kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Ayyuka da yawa sun tsaya cak a wannan tsakani, mai gida na cewa na biya, mai aiki na cewa kuɗin bai isa ba. Maganin haka shi ne a sayi kayan waje da zarar an biya kuɗinsu, a nuna miki shaidar saye da ta lodi, a kuma rubuta wanda zai ɗauki kuɗin kwastam da na jinkirin kwantena a tashar Legas. Kafin a yi odar komai, a auna lifta da matakala da ƙofar gida. Doguwar kujera da ba ta rabuwa, ko fallen dutse mai mita uku, idan ba su shiga lifta ba sai a nemi ƙugiya ta ɗaga su ta baranda, in masu benen sun yarda ke nan.

Biya kuma ya zama daki-daki. Kafin alƙalami kaɗan don a yi zane. Kashi na gaba idan kin amince da zanen kin sa hannu. Na gaba idan an gama aikin cikin bango. Haka har ƙarshe. Ki riƙe wani abu, ko kashi 5 cikin ɗari, na tsawon wata shida bayan kun tare, kamar yadda ake yi a kwangilar gini, don a dawo a gyara abin da ya ɓullo. Ki ajiye kashi 10 zuwa 15 a gefe wanda ba ki faɗa wa kowa ba, saboda abin da ba a zata ba. Duk canjin da kika nema a tsakiyar aiki, a rubuta kuɗinsa da kwanakin da zai ƙara kafin a taɓa shi. Lauya ya duba takardar. Na san a al'adarmu neman a rubuta yana kama da rashin yarda, musamman tun da ƙawa ce ta haɗa ku, amma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Rubutun shi zai tsare miki ƙawancen.

Wani abu da nake roƙonki, ko da bai shiga tambayarki ba: ki bar wa aikin hannun gida wuri. Ina shiga gidaje masu tsada a Maitama da Asokoro in rasa abu ɗaya da zai gaya mini daga ina masu gidan suka fito. Alhali ga shuɗin marinar Ƙofar Mata a garinku, ga fatar Sakkwato, ga tagullar Bida, ga tukwanen Gwari irin waɗanda suka kai Ladi Kwali kan takardar naira 20. Ba sai an mayar da falo gidan tarihi ba. Allon raba falon nan da na ambata, idan aka sassaƙa shi da maɗaci ko loko aka fitar da zanen dagi a jikinsa, ya isa. Mai tsarawar da ya san hanyar kasuwar Kugbo da ta Dei-Dei kamar yadda ya san kantunan Istanbul zai rage miki kuɗi, kuma abin da aka yi a gida idan ya lalace akwai mai gyara shi a gida.

Game da mutanenki uku, ga yadda nake gani. Kamfanin da masu ginin suka kawo yana da fifiko guda na gaske: ya san inda bututu da waya suka bi, ya san dokokin benen. Ki shiga gidaje biyu da ya yi a cikin benen. Idan kin tarar duk kamarsu ɗaya, to naki ma haka zai zama, sai ki auna ko kin yarda. Ki kuma tambaya ko akwai wani kaso da yake ba masu ginin, domin daga aljihunki zai fito. Yarinyar Instagram kada ki raina ta don ƙuruciya, kada kuma yawan mabiya ya ruɗe ki. Takardun zane da tsohon aiki su za su yi mata shaida. Kafintanki kuwa amanarsa da kika riga kika gwada dukiya ce, amma wuta da famfo da hana yoyo ba fanninsa ba ne. Hanya mafi kyau ita ce ya yi wadirof da gadaje a ƙarƙashin zanen wanda kika zaɓa, idan mai tsarawar ya ga aikinsa ya gamsu. A gaya masa ya zo ya auna da kansa bayan an gama shafe da tayil, kuma ya tuna katakon da aka haɗa a bushewar Kano zai kumbura a daminar Abuja, ya bar wa ƙofofi ɗan sarari.

Kafin ki ba kowa aikin gaba ɗaya, ki biya biyu daga cikinsu ladan zana miki kicin da banɗaki ɗaya kawai, bayan kin zauna da kowannensu awa guda kin faɗa masa yadda kuke rayuwa. Kuɗi kaɗan ne idan aka kwatanta da abin da za ki kashe, kuma a zanen za ki ga wanda ya saurare ki. Tun da kuma kina Kano, tafiyar sama da kilomita 400, ki sa a cikin yarjejeniya cewa duk ranar Alhamis za a turo miki hotuna da bayanin inda aka kwana, ki kuma zo da kanki sau biyu ko da me kike ciki: ranar da aka gama shimfiɗa waya da bututu kafin a rufe su, da ranar da za a tare ruwa a banɗaki a gwada yoyo.